Turmin da ya sha bini da zugu

Ranar da jikata Bilki ta shigo gida da ƙawayenta biyu, kowacce da kwanon 'ya'yan zurma a ka, ina zaune a gindin darbejiya ina tsince wake. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba suka nufi turmin da surukata ke dakan fura da yaji a ciki. Bilki har ta ɗaga tabarya. Na ce ta ajiye. Ta yi dariya, ta zaci irin tsokanar da muka saba ce, sai da na maimaita da muryar da na daɗe ban fito da ita ba.

Suka hau yi mini bayani, su uku a lokaci ɗaya. Wai ƙungiyarsu ta matasa aka ba irin zurma kyauta, da taki, aka ce a shuka ta tsakanin kunyoyi idan gero ya tasa, don in an yi girbi kada ƙasa ta zauna tsirara iska tana kwasarta. Ganyen ya zuba ya ciyar da gona, 'ya'yan a matse su, man kuma a kai inda ake mai da shi na zuba wa mota da inji. Duk wanda ya rufe gonarsa da ita har wani ɗan ihisani aka yi masa alkawari. Injin matsa bai iso Gwiwa ba tukuna, su kuwa ƙagara suka yi su ga ko man yana fita.

"Kaka, ai ba wani abu ba ne," in ji Bilki. "Daka ne da matsa."

Daka ne da matsa. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina fitar da man gyaɗa da tuyar ƙuli, ban taɓa jin wanda ya gajarta mini sana'ata haka ba. Na ce su sauke kwanonin su zauna, tunda ba bin su ake yi da bulala ba.

A Roni na koya, a hannun Goggo Hansai, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba. Aikin farko da ta ba ni tsince gyaɗa ne, kuma shi na yi ta yi shekara biyu cur kafin ta bar ni in taɓa kasko. Za ta zube mini gyaɗa a tabarma in fitar da ruɓaɓɓiya, da wadda ƙwaro ya huda, da ƙanƙararriya, da tsakuwa. In na ce na gama, sai ta cusa hannu ko dubawa ba ta yi, ta zaro guda ta sa mini a baki. Wallahi kullum sai ta dace da mai ɗaci, har na fara zargin a hannunta take ɓoye ta. Takan ce ɗacin nan da na ji a harshena shi mai ƙosai za ta ji a kaskonta, kuma ba za ta zo ta gaya mini ba, ƙofa kawai za ta sauya.

Bayan tsinta sai suya. Kaskon ƙasa, wutar kara, hannu ba ya barin marar juyawa. Gyaɗar da ba ta soyu ba riƙe manta take yi, wadda ta wuce kuma man ya yi ja ya yi ƙauri, ko kyauta kika ba mutum sai ya yi da ke a bayan ido. Tsakanin biyun ɗan taƙi ne, kuma hanci ke gane shi. A sauke, a bari ta sha iska, a murje, a bakace ɓawon a faifai, sannan niƙa. Injin markaɗe bai zo mana ba a lokacin. A dutse muke yi, a durƙushe, ga gwiwoyina nan har yau da kantarsu.

Duk wannan share fage ne, sana'ar tana cikin turmi. Na Goggo na itacen ƙirya ne, ita ma a hannun uwarta ta gaje shi. Ya yi baƙi ƙirin, cikinsa sumul, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Ba a dakan hatsi a ciki, ba a dakan yaji, ba a ba da aronsa ko biki ake yi a maƙwabta, aka yi ta ce mata mai rowa tana ji. Abin da ba ku sani ba, ku yaran yanzu, itace shan mai yake yi. Sabon turmi sai ya sha rabonsa kafin ya ba ki naki. Wancan kuwa ya ƙoshi tun ba a haife ni ba, abin da kika zuba shi zai dawo miki da shi, har da ƙamshin gyaɗar da aka juya a cikinsa shekara da shekaru.

A zuba niƙan a ciki, a riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juya tabarya. Juyi ne, Bilki, ba daka ba. Ruwa ya yi kaɗan, mai ya ƙi tasowa. Ya yi yawa, abu ya caɓe, man ya koma ciki, ki wuni kina gumi a banza. Mata kan ce in mai mugun ido ta leƙa turmi mai ba ya fita. Goggo ta ce mugun idon shi ne ruwan da ya huce kina tsaye kina gulma. Ita da kunne take aikinta. Da farko turmin yana yin wata ƙara mai nauyi, guɓ, guɓ. In mai ya kusa sai ƙarar ta yi laushi, ta koma caɓ, caɓ, can ƙasa-ƙasa. Tana ɗaka tana jan carbi za ka ji ta ce, "Asabe, dakata da ruwan nan." In na leƙa sai in ga mai ya fara kewaye gindin tabarya. Daga nan a kwashe da ludayi, a matse tunkuzar, wato niƙan da ya rage, da hannu, a sa gishiri, a murza ƙuli, a toya shi a cikin man da ya fito daga jikinsa. Kuma kafin komai ya fita ƙofar gida, mai sana'a ce ke fara ci. Wannan ba ta taɓa ɗaga mini shi ba, ko azumi nake yi sai dai kaya su jira magariba.

Da aka tashi kawo ni Gwiwa gidan Malam Isuhu, Allah ya jiƙansa, idon Goggo ya riga ya fara rauni. Ta sa aka ɗora turmin a amalanke tare da kayan ɗakina. Ta dafa bakinsa ta ce, "Shi ma baki gare shi. Abin da ba za ki sa a naki ba, kada ki sa a nasa." Na ce to, irin to ɗin da amarya ke ce wa duk wanda ya yi mata magana ranar nan.

Turmin nan shi ya yi mini suna. Malam yakan ɗaure galan biyu a keke ya kai Kazaure ranar kasuwa, kafin azahar ya juyo da su wayam. Akwai Maman Ngozi, 'yar kudu mai sayar da abinci kusa da tasha, ita takan ɗiga man a bayan hannu ta shinshina, in ba nawa ba ne ko taya shi ba ta yi. 'Yan Nijar da ke shigowa Babura sukan aiko a ajiye musu. Amma babban mai sayena Ado mai tsire ne, na can Kazaure. Shi ƙuli ya fi buƙata, wanda zai daka da yaji ya barbaɗa wa nama, kuma da kansa yake zuwa a babur ya yi sallama a zaure. Yakan ce rabin masu layi a tukubarsa ƙulin Gwiwa suke bi, ba namansa ba. Na san zuga ce irin ta 'yan kasuwa, amma daɗinta nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

To, bini da zugu kowa ya san shi. Shinge ake yi da shi don akuya ba ta cinsa. Ruwansa ake ɗiga wa wanda ya yanke. Muna yara mukan tsire 'ya'yansa a tsinke mu kunna, su yi ta ci kamar kyandir. Kuma tun yaro bai iya wanke hannu ba ake gaya masa ma'anar sunan: wanda ya ci, a bi shi da zugu, wato farin ƙyallen da ake yi wa mamaci sutura. Ban taɓa mantawa da wannan ba, kada ku ce rashin sani ne ya kai ni.

Wata shekara sai ga wasu mutane daga birni a farar mota, malamin gona yana gabansu yana yi musu jagora. Aka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa aka ce musu shingen nan da muke rainawa arziki ne, mansa yana tuƙa mota. Suka raba dashe kyauta, suka raba taki, suka ce duk abin da aka samu su za su saya, har injin matsa za su kawo. Irin maganar da kuka zo mini da ita yanzu, sai dai taku ta fi tsari. Malam ya dawo yana murna, ya ba da rabin gonar gyaɗarmu ga bini da zugu. Ni ma ban hana ba. Ina lissafin yadda zan huta da durƙuso.

Sai a shekara ta uku ya yi 'ya'ya sosai. Aka tsinke, aka shanya, buhuna suka cika zaurukan mutane, masu farar mota kuwa shiru. Rannan malamin gona ya zo da saƙo: wai suna son su ga man da idonsu, kwalba biyu ko uku, in ya yi kyau Gwiwa za a kafa injin, in ba haka ba a kai wani gari. Da aka tambayi wa zai fitar, kowa ya ce Asabe. Mai unguwa da kansa ya aiko matarsa. Aka yi ta ce mini in akwai mai a jikin dutse ni zan fito da shi, kaina kuwa ya yi ta fashewa.

Da farko na yi abin da ya kamata. Na sa Malam ya sayo sabon turmi mai araha da sabon kasko, na ɓare, na soya, na niƙa a wani tsohon dutse da ba a amfani da shi. Na wuni ina juyi. Turmin nan ya shanye abinsa, ɗan abin da ya taso ko rabin kwalba bai kai ba, kuma gurɓatacce. Na sake washegari, haka. Jibi malamin gona zai zo karɓa, mata sun fara leƙowa ta katanga suna tambaya ko ya fito. Na tsaya ina kallon turmin Goggo a inda yake a rumfa, rufe da faifai. Ba wanda ya tilasta mini, Malam ma yana gona. Ni na ce wa kaina sau ɗaya ne, ai ruwa da toka ba abin da ba sa wankewa.

Kai, man ya fito. Tas, garau, ya fi na gyaɗa haske. Kwalba uku na cika har da ragowa. Malamin gona ya ɗaga ɗaya a rana yana ta jinjina kai, maza suka zuba ragowar a aci-bal-bal ta kama, aka yi ta sa mini albarka. Ya ɗaure kwalaben a bayan babur ɗinsa ya tafi. Daga ranar ba mu ƙara jin ɗuriyar masu farar mota ba. Shi kansa malamin gona, bawan Allah, da kunya ya ishe shi sai ya daina biyowa ta unguwarmu.

Na wanke turmi da tafasasshen ruwa da toka. Na wanke da sabulun salo. Na daka dusa a ciki har sau uku na zubar, na shanya shi a rana kwana bakwai. In kin shinshina ba abin da za ki ji sai gyaɗa. Salla ta matso, Ado ya aiko a yi masa ƙuli mai yawa da galan ɗaya na mai, zai zo ɗauka ranar jajibere. Na yi aikina yadda na saba, ƙuli ya yi kyau, ja-ja, yana ƙaras. Da aka sha ruwa na ɗauki guda uku na ci, na zuba cokalin mai a kan dafaffen rogo. Na ji wani ɗan maƙaƙi a maƙogwaro, na ce ƙishirwar azumi ce. Allah ya taimake ni yara na gidan kakarsu shan ruwa, Malam kuma bai dawo daga masallaci ba.

Ba a yi sallar isha ba cikina ya murɗa. Amai da gudawa, sama da ƙasa, har na kasa tsayuwa. Kafin a ɗora ni a babur zuwa asibiti na riƙe rigar Malam na ce ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida ya binne ƙulin da man gaba ɗaya, kada ko kaza ta samu. Kwana biyu ana yi mini ƙarin ruwa. Ni da na ci guda uku ke nan. Ku lissafa mutanen da ke layi a tukubar Ado ranar salla, da 'ya'yansu.

Ado ya zo ranar da aka sallamo ni. Malam ya ce a gaya masa ba ni da lafiya kawai, ai ba ƙarya aka yi ba. Na ce a'a. Na lallaɓa har bakin zaure, na tsaya daga ciki na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, "Uwar gida, Allah ya saka miki da alheri da kika ci kafin ni. Amma maganar nan ta riga ni isa Kazaure." Gaskiyarsa. Wadda ta ga an fita da ni ta gaya wa wadda ta ga ana binne ƙuli, kafin salla ta wuce sunana a kasuwa ya koma Asabe bini da zugu. Ado bai ƙara sallama a zaurenmu ba, kuma ban riƙe shi ba, shi ma bakin mutane yake ci da shi.

Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Rabin gona ba gyaɗa, sai an sayo. Wani sabon turmin da na sake saya yana ta shan mai. Malam ya kai galan Kazaure ya dawo da shi yadda ya tafi da shi. Maman Ngozi ce kaɗai ta hau mota ta zo duba ni da lemo a leda, ta ce wadda ta gwada guba a cikinta don kada ta ba wani, ita a wurinta za ta ci gaba da saya. Ta kuwa ci gaba. Amma ranar da ta ɗiga man sabon turmi a bayan hannu ta shinshina, sai ta dube ni ta ce da Hausarta, "Mama, wannan ba shi ba ne." Na ce na sani. Buhunan zaure kuwa ƙwari ma ba su ci ba, daga baya Malam ya sa gatari ya tumɓuke itatuwan, ya bar na shinge.

Goggo ta ji ba ni da lafiya ta sa aka kawo ta daga Roni. Lokacin ba ta gani sam. Bayan mun gaisa ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in kai ta wurin turmi. Na riƙe hannunta har rumfa. Ta zura hannu ciki ta shafa, ta kai hanci, ta sake shafawa. Na tsaya ina jiran faɗa, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Ya dai ba ki man mai kyau?" Na ce ya ba ni. Ta ce, "Ai zai ba ki. Bai san ƙin aiki ba." Ta goge hannu a zanenta ta ce in kife shi, kada wani ya ara bai sani ba. Da damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa, ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Na ci gaba da sana'a shekaru masu yawa bayan nan, suna ya ɗan dawo, na aurar da 'ya'ya da ita, har Allah ya kawo injin markaɗe. Na yi turame uku. Ba wanda ya taɓa yi mini irin waccan ƙarar. Ina kewarta, har gobe. Wani lokaci in maƙwabta suna daka sai in tsinci kaina na saki abin da nake yi ina saurare.

Na ce wa yaran nan ni ban ce shirinsu banza ba ne. Ƙasarmu ta gaji, kowa ya ga yadda gona ke zama fayau bayan girbi ya san tana son mayafi, in kuma wannan karon masu saye sun zo, Allah ya sa albarka. Amma zurma ƙanwar bini da zugu ce. Kaskonta daban, ludayinta daban, dutsenta daban, tunkuzarta ba ta dabba ba ce, kuma a wanke hannu kafin a taɓa tulu. Wanda ya ba su iri kyauta ba zai zo ya tsaya musu a tsakar gida ya nuna musu wannan ba.

Bilki ta yi tsuru, ta ce to yanzu a ina za su gwada, su da ba su da kuɗin sabon turmi. Na ce ta tashi daga inda take zaune. Ta miƙe tana waige-waige. Baƙin kututturen nan na gindin rumbu, wanda tun tana rarrafe take hawa, wanda ake ɗora tabarma a kai in za a yi shara, ba ta taɓa tambayar ko mene ne ba. Su uku suka taru suka birkice shi da ƙyar. Gizo-gizo ya yi gida a ciki, gara kuwa ko kusa ba ta je ba. Na sa hannu na shafa, yana nan sumul.

Na ce wannan ba zai ƙara ganin abinci ba har abada, amma abin da suka zo da shi ya riga ya san irinsa. Sharaɗina ɗaya ne, ba za a fita da shi ba, a nan tsakar gida za su yi.

Washegari suka soya, suka niƙa, suka zuba. Bilki ce ke juya tabarya tana haki, ta daina cewa ba wani abu ba ne, ƙawarta tana tsiyaya ruwan zafi. Ni na juya musu baya da faifan wakena, na ce ba ruwana, ai daka ne da matsa. Guɓ, guɓ, guɓ. Hannuna ya tsaya a cikin waken. Aka daɗe ana haka, sannan can ƙasa-ƙasa ƙarar ta yi laushi.

Ban waiwaya ba. Na ce, "Bilki, ku dakata da ruwan nan."